Daga Gadon Asibiti Zuwa Rumfar Kasuwa: Jinyar Mai Shanyewar Jiki da Aka Yanke wa Ƙafa

Iyayenmu sarakunan zango, malamai da limamai da fastoci, magajiyoyin kasuwa, alhazai da hajiyoyi, 'yan'uwa maza da mata, barkanku da zuwa Nalerigu. Muna gai da waɗanda suka taso daga Gambaga da Walewale da Nakpanduri, da baƙinmu na Bawku da Yendi da Salaga, da kuma waɗanda suka ƙetaro iyaka daga Togo da Burkina Faso. Allah ya saka muku da alheri.

Maganarmu ta yau a kan mutumin da lalura biyu suka haɗu a jikinsa ce: wani sashe na jikinsa ya shanye, sannan kuma an yanke masa ƙafa. A gidaje da yawa, da zarar an sallamo irin wannan majinyaci daga asibiti, sai a yi masa shimfiɗa a ƙuryar ɗaki, a riƙa kai masa tuwo da ruwa, a zauna jiran ranar da za a tara kuɗin ƙafar roba. Bayan wata shida ko shekara kuɗi su samu, a ɗauke shi a yi doguwar tafiya, sai mai awon ƙafa ya duba ya ce gwiwa ta riga ta naɗe ba za ta miƙe ba, ko kuma gyambo ya ci bayansa sai an warkar da shi tukuna. An kashe kuɗin mota, an rufe rumfa kwana da kwanaki, an komo hannu rabbana. Abin da nake so ku tafi gida da shi ke nan: makonnin da ke tsakanin fiɗa da awon ƙafa su ne ke nuna ko mutum zai sake tsayawa, kuma aikin waɗannan makonni a hannunku yake, ku mutanen gida.

Kakanninku fatake da suke tasowa daga Kano zuwa Salaga sayen goro zango-zango suke bin hanya, kowane zango da shirinsa. Haka za mu bi wannan magana.

Yadda lalurar biyu ke haɗuwa

Mafi yawan lokaci tushensu ɗaya ne. Ciwon suga da hawan jini da shan taba suna lalata hanyoyin jini a hankali, shekara da shekaru. Idan hanyar jini ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa, sai ɓarin jiki ya shanye. Idan ta toshe a ƙafa, sai ɗan ƙaramin rauni, na ƙaya ko na tuntuɓe ko na sabon takalmi, ya ƙi warkewa, yatsa ya yi baƙi, ruɓa ta hau sama. Shi ya sa ake ganin dattijon da ɓarin jikinsa ya shanye bara, bana kuma a ce sai an yanke ƙafa, ko a fara da yanka shanyewa ta biyo baya.

Akwai kuma hatsarin babur da na mota, wanda kan murƙushe ƙafa ya kuma taɓa laka a lokaci guda, har jiki ya mutu daga ƙugu zuwa ƙasa. Akwai wanda shan inna ya kama tun yana yaro, ya girma da ƙafa ɗaya mai rauni, daga baya ya rasa mai ƙarfin. Akwai saran kububuwa a gona, wanda idan aka ɗaure wurin tamau ko aka tsattsaga shi aka makara zuwa asibiti, nama kan mutu. Akwai kuma ɗaurin karaya da aka matse har jini ya daina kaiwa yatsu. Masu ɗori mutanenmu ne, muna ganin girmansu, amma duk ɗaurin da ya sa yatsu suka yi sanyi, suka canza launi, ko zafi ya hana barci, a sassauta shi nan take a nufi asibiti. Kwana ɗaya na jinkiri ya isa a rasa ƙafa.

Ku riƙe alamomin shanyewar ɓarin jiki guda uku: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta yi nauyi farat ɗaya, magana ta sarƙe. Wanda aka ga ɗaya daga cikinsu a tare da shi, asibiti za a kai shi a sa'ar nan, ko da ana tsakiyar ciniki. Addu'a ana yin ta a hanya.

Zango na farko: a asibiti

Babu iyalin da zai ji an ce za a yanke ƙafar uba ko uwa bai girgiza ba. Wasu kan ɗauke majinyaci da dare su koma gida neman wani magani, su dawo bayan mako biyu ruɓa ta wuce gwiwa. A nan ne babbar asara take. Mutumin da aka yanke wa ƙafa ƙasa da gwiwa yana da gaɓarsa ta asali da zai lanƙwasa ya miƙe da ita, ya zauna, ya tashi, ya hau tudu. Wanda aka yanke wa a cinya kuwa sai an haɗa masa da gwiwar ƙarfe, tafiya da ita tana cin ƙarfi sosai, ga shi kuma ɓarin jikinsa da ma ba shi da ƙarfi. Sau da yawa bambancin mai tafiya da mai zama a keke shi ne wannan gwiwa, kuma jinkiri ke cinye ta.

Ku yi wa likita tambayoyi kafin a shiga fiɗa: a ina za a yanke, kuma ko za a iya ceton gwiwa. Kafin sallama ku nemi a haɗa ku da likitan gashi, wanda a asibiti ake kira fisiyo, ya nuna wa mutum biyu daga cikin gida yadda ake juya majinyaci, da naɗa bandeji, da ɗaga shi daga gado zuwa kujera. Ku ce a bar ku ku gwada da hannunku a gabansa har ya gamsu. Ku karɓi takardar da ke bayanin aikin da aka yi da sunayen magunguna, ku adana ta kamar yadda kuke adana takardar fili.

Zango na biyu: a gida

Abu na farko shi ne hana gaɓa naɗewa. Gaɓar da aka bari a lanƙwashe kullum, jijiyoyinta kan gajarce cikin 'yan makonni, a ɓarin da ya shanye kuma abin ya fi sauri, domin jijiyoyin da kansu suna janyewa. Saboda tausayi mukan cusa wa majinyaci matashi a ƙarƙashin gwiwa don ya ji daɗi, alhali wannan matashin ne ke hana shi ƙafar roba. Dungu, wato abin da ya rage na ƙafa, a miƙe zai kwanta. Idan yana zaune a kujera, a sa katako mai laushin shimfiɗa a ƙarƙashin dungun don kada ya yi reto. Idan likita ya yarda, kuma numfashinsa da zuciyarsa ba su hana ba, ya riƙa kwanciya rubda ciki kamar minti 20, sau biyu ko uku a rana, domin wannan ke miƙar da ƙugu. Kullum safe da yamma a lanƙwasa kowace gaɓa a miƙe ta a hankali, ta ɓarin lafiya da ta ɓarin da ya shanye, ba tare da fizga ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abu na biyu shi ne naɗin bandeji. Bayan fiɗa dungu kan kumbura, kuma ba a awon ƙafa a kan kumburi. Bandeji mai talewa ne ke fitar da ruwan ya ba dungu siffa. A karkace ake naɗa shi, ana gittawa, ya fi matsewa a ƙarshen dungu ya sassauta yayin da ake hawa sama. Naɗin da aka zagaya kamar ɗaurin bakin buhu yana tare jini, ya ƙara kumburi. A kwance a sake naɗawa duk bayan sa'a huɗu zuwa shida, ko duk lokacin da ya zame, a duba fata kafin a mayar. A tanadi biyu, ɗaya a jiki ɗaya a shanya.

Abu na uku fata. Wanda jikinsa ya shanye ba ya jin zafin da ke sa mai lafiya ya juya cikin barci. Wurin da ƙashi ya danne fata a kan shimfiɗa, kamar ƙugu da ƙasan baya da diddige, jini kan daina kaiwa, sai gyambon kwanciya ya buɗe, shi kuwa yana iya kisa. A juya majinyaci duk bayan sa'a biyu, dare da rana, a raba aikin tsakanin mutanen gida yadda ba zai faɗa kan mace ɗaya ba. Idan yana zaune, a taimaka masa ya ɗaga ko ya karkata duk bayan rabin sa'a. Shimfiɗa ta kasance busasshiya, ba tsakuwa ba ƙullin zane. A fata baƙa jan wuri ba ya fitowa sosai, don haka ku lura da wurin da ya fi kewayensa duhu, ko sheƙi, ko zafi, ko tauri. Idan an ɗauke nauyi daga kansa rabin sa'a bai koma daidai ba, kada a sake kwantar da shi a wurin, kuma a nuna wa ma'aikacin lafiya. Kada a gasa wurin da ba ya ji da ruwan zafi ko garwashi. Zai ƙone bai sani ba.

Idan rauni ya warke an cire zare, a riƙa wanke dungu da sabulu da ruwa kowace yamma, a tsane shi sarai, a shafa shi a ɗan bubbuga da tafin hannu don ya saba da taɓi. Man kaɗanya yana da amfani ga fatar da hunturu ya busar, amma da dare ake shafa shi, kuma ba a sa shi a buɗaɗɗen rauni. Toka da ƙasa da garin magani ba su da wuri a kan ɗinki. Wari, ko ruwa mai fita, ko zazzaɓi, dalili ne na komawa asibiti a ranar.

Abu na huɗu zai ba wasunku mamaki. Yawancin waɗanda aka yanke wa ƙafa sukan ci gaba da jin ta, har su ce babban yatsa na ƙaiƙayi ko diddige na zafi kamar wuta. Wannan ba taɓin hankali ba ne, ba kuma iska ko sammu ba. Ƙwaƙwalwa ce ba ta riga ta saba da rashin ƙafar ba, jijiyoyin da aka yanke kuma suna ta aika saƙo. Naɗin bandeji da shafa dungu suna rage shi, akwai magunguna, akwai kuma dabarar madubi da likitocin gashi ke koyarwa: a tsai da madubi tsakanin ƙafafu, majinyaci ya kalli hoton ƙafarsa mai lafiya tana motsi kamar ita ce wadda aka yanke. Haɗarin wannan ji shi ne faɗuwa. Mutum kan farka da dare ya manta, ya taka ƙafar da babu, ya faɗi a kan ɗinki. A bar fitila a kusa da shi, wani kuma ya kwana a ɗakin.

Abu na biyar, ɗagawa. Kada a taɓa jan majinyaci ta hannun da ya shanye, domin kafaɗar ba ta da jijiyar da za ta riƙe ta, tana iya gocewa ta bar shi da ciwo na shekaru. A ɗaura masa zane mai ƙarfi a ƙugu a kama nan. A ajiye kujera ta ɓarinsa mai ƙarfi, ya juya zuwa can. A bar shi ya yi duk abin da zai iya da kansa, ko da zai ɗauki lokaci: cin abinci, wanke fuska, sa riga. Wanda ake yi wa komai, ƙarfin da ya rage masa ma tafiya yake yi.

Kafinta da mai walda na unguwa suna da rawar takawa. Kujera mai rami a tsakiya da za a ɗora a kan masai ta fi tsuguno. Dokin ƙofa a yi masa gangara. Gado ya yi tsayin kujera, domin tashi daga tabarma da ƙafa ɗaya da hannu ɗaya abu ne mai wuya. A tsakar gida a kafa gora biyu masu ƙarfi a jere, daidai tsayin ƙugu, inda zai riƙa koyon tsayuwa idan likitan gashi ya ba da izini.

Kada a manta da ƙafar da ta rage, domin ciwon da ya ci ta farko yana nan. A duba ta kullum har tsakanin yatsu, kada ta taka ƙasa ba takalmi, kada a yanke ƙumba da reza. Maganin suga da na hawan jini ba a ajiye su don an ji sauƙi. Taba kuwa sai a yi sallama da ita.

Zango na uku: awo da koyon tafiya

Idan komai ya tafi daidai, akan yi awo bayan rauni ya warke kumburi ya saɓe, galibi tsakanin mako shida da wata uku bayan fiɗa. Mai ciwon suga yakan fi haka daɗewa. Mai haɗa ƙafa zai naɗe dungu da bandeji mai farin siminti irin na karaya, ya cire siffarsa, ya ƙera gurbin da dungu zai zauna a ciki, wanda su ke kira soket. A ƙarƙashinsa akwai bututun ƙarfe da tafin ƙafa na roba. Gurbin nan shi ne ran ƙafar, kuma na mutum ɗaya ne tak. Saboda haka ƙafar da aka gani ana sayarwa cikin kayan gwanjo, ko wadda wani mamaci ya bari, ba ta da amfani sai an kai wa masu aikin sun ga ko akwai ƙarfen da za a iya ɗauka. Araha ba ta ado, a nan kuwa har gyambo take jawowa.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka zan faɗa muku gaskiya: ba kowane mai shanyewar jiki ne zai yi tafiya da ƙafar roba ba. Masu aikin za su duba abubuwa da dama. Za su ga ko yana iya zama a bakin gado ba tare da an riƙe shi ba, ko yana iya tsayawa a kan ƙafar da ta rage, ko yana fahimtar umarni yana kuma tuna shi gobe, ko zuciyarsa da numfashinsa za su ɗauki wahalar. Za su duba ko shanyewar da yankan a ɓari ɗaya suke. Idan haka ne yana da cikakken ɓari mai lafiya da zai dogara a kai, wannan kuwa yakan sauƙaƙa al'amari. Idan ƙafar da ta rage ita ce ta shanye, aikin ya fi wuya, kuma sau da yawa sai an yi mata takalmin roba mai tallafe idon sawu don kada yatsu su riƙa jan ƙasa. Wanda ya riga ya saba da ƙafar roba kafin ɓarin jikinsa ya shanye yakan fi saurin komawa kanta. Mai hannu ɗaya ba zai iya riƙe sandunan hammata biyu ba, sai sanda mai ƙafa huɗu, kuma za a yi masa maɗauri da zai iya ɗaurawa da hannu guda.

Wanda laka ta yanke har ƙafafu ba sa ji ba sa motsi, ƙafar roba ba za ta sa shi tafiya ba, kuma fatar da ba ta ji tana iya gogewa a cikin gurbi bai sani ba. Abin da ya fi masa amfani shi ne keken guragu da aka auna daidai jikinsa, da matashin zama mai kare fata. Wani akan yi masa ƙafa marar nauyi don daidaita zama da kyan shiga jama'a. Kada iyali su ɗauki keke a matsayin faɗuwa. Mutumin da ke tura kekensa zuwa masallaci ko coci, ya zauna a rumfarsa yana karɓar kuɗi yana ba da canji, ya fi wanda ke da ƙafa mai tsada a jingine a bango. Wani kuma ƙafar za ta yi masa amfani ne wajen tashi daga gado zuwa kujera da 'yan taku a tsakar gida, wannan ma babban sauƙi ne ga mai jinya.

Wanda aka ga zai iya, zai zauna a cibiyar makonni yana koyo: tsayuwa tsakanin ƙarafa biyu, sauya nauyi daga ƙafa zuwa ƙafa, taku, hawa da sauka, da yadda ake tashi idan an faɗi. Ku shirya wanda zai zauna da shi, da wanda zai riƙe rumfa kafin su dawo. Wanda ya karɓi ƙafa ya gudu gida kafin ya gama koyo, ƙarƙashin gado za ta ƙare.

Inda za a nufa, da batun kuɗi

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin mutum goma masu buƙatar irin waɗannan kayan taimako, ɗaya ne kawai ke samu. Wannan ya sa sanin hanya yake da muhimmanci. Ƙofar farko ita ce asibitin da ya fi kusa da ku: asibitin Baptist na nan Nalerigu, wanda Dokta George Faile ya kafa aka buɗe a 1958, ko asibitin Presbyterian na Bawku, ko asibitocin gwamnati na Yendi da Salaga. Daga nan ake tura mutum Asibitin Koyarwa na Tamale idan ana buƙatar manyan likitoci. A Garu akwai shirin cocin Presbyterian mai bin masu lalura har ƙauyukansu.

Wajen ƙera ƙafa, sanannen wuri a Gana shi ne cibiyar Nsawam kusa da Akra, wadda wani ɗan mishan daga ƙasar Holan, Tarcisius de Ruyter, ya kafa a 1961. Tana da ayarin ma'aikata masu zagaya sassan ƙasa a mota suna awo da gyara, don haka ku tambayi asibitinku ranar da za su iso kusa da ku kafin ku ɗauki hanyar kudu. Akwai kuma cibiyar gwamnati a Akra. A Togo akwai babbar cibiya a Lome da ta yanki a Dapaong, wadda ga mutumin Bawku ko Pusiga ta fi Nsawam kusa nesa ba kusa ba. A Burkina Faso akwai ta ƙasa a Wagadugu. Masu dangi a Nijeriya sun san Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Shawarata ita ce ku zaɓi wurin da za ku iya komawa, domin ƙafar roba ba a gama ta rana ɗaya, gyara take so a kai a kai. In za ku ƙetare iyaka, ku riƙe takardar shaida da takardun asibiti, ku nemi wanda ke jin Faransanci ko Turanci ya raka ku.

Katin inshorar lafiya na Gana yana biyan kuɗin gashi, amma ƙafar roba ba ta cikin abin da yake biya. Duk da haka ku sabunta shi, domin ganin likita da yawancin magungunan suga da hawan jini suna ciki. Dokar masu lalura ta 2006, mai lamba 715, ta amince da haƙƙinku, kuma a cikin kuɗin da gwamnati ke aika wa kowace gunduma akwai kason da aka keɓe wa masu lalura. Ku je ofishin jin daɗin jama'a na gundumarku, na nan yana Gambaga, ku rubuta sunan majinyaci, ku nemi takardar neman taimako, ku kuma shiga ƙungiyar masu lalura ta yankinku, domin su suka san lokacin da ake rabo. Wannan haƙƙi ne, ba bara ba ce.

Sauran kuma namu ne. Ku 'yan kasuwa kun san adashi, wanda a nan ake kira susu. Idan ɗan layinku ya kwanta, a ba shi kwasar farko. Masu fitar da zakka da masu baiko a coci su tuna da kuɗin mota da na abincin mai jinya, waɗanda sau da yawa su ne ke hana tafiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Zango na ƙarshe: komawa cikin jama'a

A watannin farko dungu zai ci gaba da ramewa, gurbi ya yi masa yawa. Ana cike gibin da safar dungu ta auduga, a ƙara ɗaya a kan ɗaya, amma idan an kai uku ko huɗu lokacin komawa ya yi, a sake gurbi. Kada a cusa tsumma ko takarda, kada kuma a kai wa mai gyaran babur ya yanke ko ya ƙara tsawo. A fara sa ƙafa na ɗan lokaci, a cire a duba fata, a riƙa ƙarawa kullum. A watannin zafi, daga Fabrairu zuwa Afrilu, zufa kan taru a gurbi, don haka a riƙe safa ta biyu a canza da rana, a goge cikin gurbi da ɗanyen tsumma kowane dare a bar shi ya bushe. Ba a kwana da ƙafa, ba a ajiye ta kusa da murhu ko cikin rana. Tsayin dunduniyar takalmi ya zama iri ɗaya da wanda aka yi awo da shi. Ƙafar babba takan yi 'yan shekaru kafin a sauya, ta yaro kuwa sai an riƙa sauyawa yayin da yake girma.

Game da alwala da salla, addini ya yi sauƙi ga mai lalura, ana yin salla a zaune ko a kwance gwargwadon iko. Ku tambayi malamanku, su kuma limamai su sa a yi gangara a ƙofar masallaci a ajiye kujera a ƙarshen sahu.

Akwai ciwon da ba a gani. Mutumin da jiya shi ke ciyar da gida, yau sai an ɗaga shi, yakan yi shiru, ya ƙi abinci, ya ce gara mutuwa. Shanyewar ɓarin jiki da kanta tana kawo baƙin ciki mai nauyi, kuma yana da magani a asibiti, don haka a faɗa wa likita. Ku fito da shi zaure a yi hira da shi, a nemi shawararsa a kan farashi da auren 'ya'ya kamar da. Ku daina kiran mutum da lalurarsa, yana da suna. Idan mace ce, kada a mai da ita gidan iyayenta a ce ta zama nauyi. Shekarun da ta yi tana tuƙa tuwon gidan ba su goge ba. Mai jinya ita ma a duba ta, a karɓe ta ta huta, domin idan bayanta ya ƙage majinyata sun zama biyu.

Magajiyoyi da shugabannin layi, roƙona gare ku shi ne kada a ba wani rumfar wanda ya kwanta jinya. A riƙe masa wurinsa, in da hali a sauya masa zuwa bakin hanya inda keke zai shiga. Sanin cewa rumfarsa na jiransa yana sa majinyaci ya jure wahalar motsa jiki fiye da duk wani lallashi.

Wanda yake da irin wannan majinyaci a gida, ya fara yau da daddare: a cire matashin da ke ƙarƙashin gwiwa, a duba bayansa da fitila, a raba sa'o'in juyi tsakanin mutanen gida. Gobe kuma a je asibiti a nemi ganin likitan gashi. Wanda ba shi da majinyaci, ya tsaya a auna masa jini da suga kafin ya koma rumfa, ya kuma kai wa maƙwabcinsa wannan takarda.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba masu jinya haƙuri da lada, ya sa albarka a kasuwa, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.